Faifan Sola a Kan Rufin Keke: Ina Iyakar Amfaninsa?



A Amurka da Turai, masu yawon buɗe ido da ke jan ƙaramin ɗaki a bayan mota sun daɗe suna ɗora faifan sola a kan rufinsa. Mu a Maiduguri ba nishaɗi ya kai mu ga wannan tunani ba, larura ce. Tun da aka hana hawa babur a 2011, Keke Napep ya zama ƙafar talaka. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka rusa turakun wutar da ke zuwa ta hanyar Damaturu, aka gyara a watan Maris, suka sake rusawa, gari ya shafe watanni cikin duhu. Sai kuma cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Ga Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun nuna wa duniya cewa a garin nan ana iya mayar da motar fetur ta koma aiki da batir. Saboda haka ba abin mamaki ba ne matashi ya dubi rufin kekensa, ya dubi rana, ya ce mai ya ƙare. Ni kuwa abin da zan kafa hujja a kai shi ne: rufin keke ya isa ya ba da wutar ƙananan bukatu, amma bai isa ya tuƙa keken yini guda ba.

Lissafin ba shi da wuya. Da tsakar rana, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya yakan kai wat 1,000, faifan kasuwa kuwa kusan kashi 20 cikin ɗari yake mayarwa lantarki. Rufin keke da ƙyar ya kai murabba'in mita biyu, wato wat 400 a takarda. A takarda na ce, domin a zafin digiri 25 ake auna faifan, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4. A bazarar Maiduguri, lokacin da iska kanta ke wuce digiri 40, faifan yakan kai 65, ka ga kusan kashi 16 ya tafi. Ƙara da hazon hunturu da ke kwanciya a kan gilashin. Sannan ga dogon yaro da ya ƙawata titunanmu: direba inuwa yake nema, faifai rana yake so, kuma inuwar reshe ɗaya tak a gefensa tana iya karya ƙarfinsa sosai, saboda ƙwayoyin cikinsa a jere aka haɗa su. In an tara wutar yini, da wuya ta wuce kilowat ɗaya da rabi na awa guda. Wannan zai juya fanka, ya kunna fitila, ya yi cajin wayoyi sama da hamsin. Ga mai kes ɗin caji ko mai tura kayan sanyi, arziki ne. Ga keken da ke jigilar fasinja daga Bulumkutu zuwa Monday Market tun safe har magariba, somin-taɓi ne.

Wani zai ce, da babu gara ba daɗi. Na yarda, amma da sharaɗi, domin ɗora faifan ma yana da nasa farashin. Nauyinsa ya kai kilo 20, a can sama, kan abin hawa mai ƙafa uku wanda da ma ba ya son kwana da gudu. Tamfol ba ya riƙe shi, dole mai walda ya yi masa firam, a ɗaure da noti mai makulli, in ba haka ba ramukan hanya su kwance shi. Dole a bar tazarar yatsu uku ko huɗu a ƙarƙashinsa don iska ta ratsa, a toshe duk hudar da aka yi kafin damina, a sa kwanturola da fis kusa da batir. Wayar da ta yi siriri zafi take yi, kuma gobarar batir ba ta jiran kowa. Abu ɗaya da ya zo mana da sauƙi shi ne kusurwa: muna kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka faifan da ke kwance ba ya asara mai yawa, sai dai ya fi tara ƙura, yana son shafa kullum.

Wani kuma zai ce, to ashe keken lantarki mafarki ne. A'a. Matsalar faɗin wuri ce, ba rana ba. Rufin tasha ko na makaranta zai ɗauki faifai arba'in, ba girgiza, ba inuwa, direba ya zo ya yi caji ko ya sauya batir ya wuce.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin masu keke da su haɗa kuɗi su rufe tashoshinsu da faifai, gwamnatin Jihar Borno kuma ta ba su fili da rance mai sauƙi. Wanda zai ɗora a kan rufinsa, ya nemi ƙwararren mai haɗa wuta, kuma ya tambaye shi wat nawa zai samu a watan Afrilu.