Maimaita Wasa a Wurin Ƙananan Yara: Abin Lura Ga Masu Reno a Mairuwa da Kewaye

Duk wanda ya zauna a tsakar gida a Mairuwa, ko wani ƙauye na Faskari ko Sabuwa, ba zai rasa ganin yarinya 'yar shekara uku tana cika gwangwani da ƙasa ba, ta kai bakin rumbu ta juye, ta komo ta sake cikawa, har rana ta yi tsaka. Manya kan ce ɓarna ce, wani lokaci ma a haɗa da rankwashi. Masana tarbiyya kuwa suna da wata fassara dabam.

Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan wanda ya rasu a 1980, ya lura da 'ya'yansa uku tun suna jarirai, ya nuna cewa yaro kan maimaita motsi guda a kan abubuwa iri-iri domin ya gane halin kowane abu. A shekarun 1970 wata malama, Chris Athey, ta bi diddigin wasu yara tare da iyayensu a Landan, ta buga sakamakon a 1990. Ta gano cewa maimaicin yana da salo da ake iya ganewa. Wani yaron jigila ce ta ɗauke masa hankali, kamar mai gwangwanin nan. Wani kuwa lulluɓewa: shi ne mai naɗe totuwar masara da tsumma, mai ɓoye takalmin baƙo cikin tukunya. Akwai mai son abin da ke juyawa, wanda ba ya rabuwa da garagara da ƙafafun motar kara.

Amfanin wannan ga mai reno a fili yake. Yaron da ke jifa da duk abin da ya samu yana nazarin nisa da nauyi ne, hani kuma ba ya kashe masa wannan ƙishirwa. Abin yi shi ne a karɓe dutsen, a ba shi ƙwallon tsumma da kwando, a nuna masa inda zai jefa. Mai jigila a ba ta ƙoƙo babba da ƙarami, a riƙa cewa "ya cika", "saura kaɗan", "wanne ya fi nauyi?" Daga nan lissafi ke tsirowa, da harshen uwa, kamar yadda Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanada, inda ta ce wasa ne hanyar koyarwa kafin firamare. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ambaci kula da ƙananan yara cikin ilmin tushe. Amma jami'in da ke duba makarantu, in ya shiga aji ya tarar da 'yan shekara huɗu a jere suna rera abacada, sau da yawa yabo yake rubutawa, alhali wurin tambaya ne. Kayan aikin ma ba su da tsada: kara, yashi, murafen kwalba da littafin da malama za ta rubuta abin da ta gani kowace rana, mako biyu ko uku, kafin ta yanke hukunci.

Sai dai a wannan yanki akwai maimaici na biyu da ya wajaba a bambanta. Tun kafin a sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamban 2020, da kuma bayan haka, yara da yawa sun ga gudun dare da idanunsu. Wasan bincike yana sauyawa: yau ƙasa, gobe ruwa, fuska a sake. Wasan firgita kuwa ba ya gaba, labari ɗaya ne na harbi da ɓuya, ƙarshe ɗaya, yaron ya tashi jikinsa a ɗaure, galibi ga rashin barci ko komawa fitsarin kwance. Irin wannan ba a hana shi, ba a kuma matsa masa da tambaya. Malama ta zauna kusa, ta rubuta, ta sanar da uwa, in abin ya ɗore a kai shi ga ma'aikacin lafiya.