Mutum Na Goma: Tarurrukan Ƙaramar Jama'ar Yahudawa Da Abin Lura A Cikinsu





Gabatarwa

Da aka sanar da kan maganar wannan lacca, na san akwai waɗanda suka tambayi kansu cewa, me ya haɗa mutumin Kazaure ko Ɓaɓura ko Roni ko Gwiwa da tarurrukan Yahudawa, alhali babu majami'arsu ko ɗaya a wannan yanki namu? Tambaya ce mai kyau, ina kuma fatan kafin mu tashi za a sami amsarta. Bari in faɗa tun da wuri cewa abin da ke tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa babban al'amari ne mai ciwo, yana da nasa zaman daban. Maƙasudinmu a yau nazarin zaman jama'a ne, watau mu duba yadda mutane 'yan kaɗan, baƙi a ƙasar wasu, suke riƙe kansu ta hanyar taruwa, da kuma abin da ke faruwa ran da taron ya gagara. Zan kawo misali daga wurare biyu da kakanninmu suka taka da ƙafarsu, watau Tambutu da Sudan.

Ƙa'idar Mutum Goma

A shari'ar Yahudawa, ibadar jam'i ba ta tsayuwa sai an sami maza goma waɗanda suka kai shekara 13. Wannan adadi shi suke kira minyan. In babu goma, ba za a fito da naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta wa jama'a ba, maraya kuma ba zai yi addu'ar da ake yi bayan mutuwar iyaye ba. Wasu ƙungiyoyinsu na zamani, musamman a Amurka, suna lissafawa har da mata, amma tsohuwar ƙa'ida ita ce wadda na faɗa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin fiƙihu, domin a mazhabar Malikiyya sallar Juma'a tana bukatar maza goma sha biyu ban da liman. To, sai ku yi tunanin garin da mazansa duka duka goma sha ɗaya ne. A irin wannan gari babu mutumin banza. In ɗaya ya yi tafiya, ɗaya kuma zazzaɓi ya kwantar da shi, ibada ta tsaya. Attajiri tilas ya aika a kira masa talaka, kuma wanda suka yi faɗa jiya tilas su tsaya sahu ɗaya yau. Wanda ya cika adadin, watau mutum na goma, darajarsa ɗaya da ta malamin da ke jan addu'a. Wannan ita ce ƙashin bayan dukan abin da zan faɗa.

Misalin Tambutu

Tun da daɗewa akwai Yahudawa fatake a bakin Sahara ta arewa. Jama'arsu ta Tuwat ta watse wajen shekarar 1492, bayan da aka rushe majami'arsu ta Tamantit bisa fatawar Shehu Muhammadu al-Maghili, malamin nan da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Bayan wannan aka daɗe ba a ba su damar zama a manyan biranen kudancin hamada ba.

Wajen shekarar 1860 wani malaminsu ɗan kasuwa, Mordekai Abi Serur, mutumin Akka a kudancin Maroko, ya isa Tambutu tare da ɗan'uwansa, ya sami iznin zama bisa sharaɗin biyan haraji. Abin lura shi ne abin da ya yi da ya sami gindin zama. Komawa gida ya yi ya ɗebo dangi, har mazansu suka kai goma sha ɗaya, suka tsai da wurin ibada. Kun ga ke nan, ciniki mutum ɗaya ma yana iya yinsa, amma jama'a ba ta tsayuwa sai da goma. Wannan jama'a ba ta yi tsawon rai ba. 'Yan fashi suka yi ta auka wa ayarinsa, dukiya ta ƙare, mutane suka watse, shi kansa ya rasu a Aljeriya a 1886.

Jama'ar Hartum

Misali na biyu ya fi kusa da mu. Kowa ya san bayan yaƙin Burmi na 1903 Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Haka kuma dubban alhazanmu na ƙafa sun ratsa Sudan, wasu suka zauna can har jikoki. A daidai wannan zamani akwai wasu baƙin a ƙasar, su ma suna fafutukar riƙe kansu.

Lokacin da Mahadi ya ci Hartum a 1885, gidajen Yahudawa kaɗan ne a wurin, aka tilasta musu barin addininsu. Da mulkin Mahadiyya ya faɗi a 1898, wasunsu suka koma ga addininsu na da, sai dai ba su da malami. A 1906 wani saurayin malami ɗan asalin Maroko, Sulemanu Malka, ya zo musu daga Tibariya, ya zauna tare da su har rasuwarsa a 1949. Da jirgin ƙasa ya buɗe hanya, wasu suka yi ta zuwa daga Masar da Iraƙi da Sham, suna cinikin yadi da ƙaro da fatu, suka bazu a Umdurman da Hartum da Wad Madani da Fot Sudan. A 1926 suka gina babbar majami'a a Hartum. Daga baya suka buɗe kulob nasu inda matasa ke wasanni, ake kuma liyafa da shagulgulan idi. Ko a lokacin da suka fi yawa, ba su wuce kimanin mutum 1,000 ba. Unguwa guda a cikin Kazaure ta fi su yawa.

Ire-iren Tarurruka

Me ya riƙe irin wannan 'yar jama'a? Tarurrukansu iri uku ne: na mako, na rayuwar mutum, da na shekara.

Na mako shi ne Asabar, wadda ke farawa daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa fitowar taurari ran Asabar. Uwar gida ta kunna fitilu kafin rana ta faɗi, maigida ya sa albarka a kan gurasa biyu, iyali su ci abinci tare, ba a kuwa barin baƙo ya ci shi kaɗai. Da safe a tafi majami'a. An raba Attaura kashi 54 domin a sauke ta a shekara, kuma kowace Asabar akan kira mutum bakwai su fito gaban littafin ɗaya bayan ɗaya. A jama'ar da mazanta goma sha biyar ne, kusan rabinsu ke nan ake kira da suna a gaban kowa duk mako. Bayan an idar akan tsaya a ɗan ci abin taɓawa, a nan ake jin wa ke jinya, wa ke neman aiki, 'yar wa ta isa aure. Masu riƙo da ƙa'ida ba sa ciniki ko hawa mota a wannan rana, saboda haka dole gidajensu su kasance inda ƙafa za ta kai su majami'a. Dokar ibada ita ta haifar da unguwa.

Na rayuwa kuwa za ku ga sun yi kama da namu. Ran kwana takwas da haihuwa ake yi wa yaro kaciya a raɗa masa suna, kamar yadda mu ke taron suna ran kwana bakwai. In ya cika shekara 13, a kira shi gaban Attaura karo na farko, a yi walima. A babban birni wannan bikin iyali ne kawai, amma a ƙaramar jama'a murnar kowa ce, don an sami ƙarin mutum a lissafin goma. Aure a ƙarƙashin wata 'yar rumfa ake ɗaura shi, a karanta takardar haƙƙoƙin amarya, a yi kwana bakwai ana liyafa gida gida. In an yi mutuwa, akwai ƙungiyar sa kai mai wanka da binnewa. Iyalan mamaci su zauna makoki kwana bakwai a kan kujeru gajeru, abincin farko bayan jana'iza maƙwabta ke kawowa, kuma safe da yamma sai mutum goma sun je gidan domin a yi addu'a. Ta haka ba yadda za a yi a bar mai makoki cikin kaɗaici.

Na shekara suna da yawa, zan ambaci uku. A Idin Ƙetarewa ana tuna fitar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna tare da Annabi Musa, alaihis salam. Ana cin gurasa marar yisti, ƙaramin yaron gida shi ke yin tambayoyi huɗu, manya su amsa masa da labarin. A Idin Bukkoki kowane gida ya kafa bukka a tsakar gida, a yi kwana bakwai ana cin abinci a ciki ana karɓar baƙi. A idin Purim kuwa wajibi ne kowa ya aika wa wani da abinci, ya kuma yi wa matalauta kyauta, kamar dai yadda kwanukan tuwon salla ke yawo tsakanin gidajenmu. A Maroko akwai wata al'ada mai suna Mimuna: daren da Idin Ƙetarewa ya ƙare, maƙwabta Musulmi sukan kawo gari da madara da man shanu, a buɗe ƙofa ga kowa.

Ku lura, kusan duk waɗannan a cikin gida ake yinsu, a kan kwanon abinci. Maza su ke cika lissafi a majami'a, amma mata su ke ɗauke da nauyin taron gida, su ne kuma suka san wanda bai zo ba.

Watsewa

Duk da wannan tsari, jama'ar Hartum ba ta ɗore ba. Sudan ta sami mulkin kai ran 1 ga Janairu, 1956, a shekarar kuma aka yi yaƙin mashigin Suwez. Zaman ya fara tsami, gidaje suka soma tashi. Yaƙin 1967 ya ƙara tsoro, sa'an nan a 1970 gwamnatin Numairi ta ƙwace kamfanoni da yawa na 'yan kasuwa. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1970 kusan duk sun bar ƙasar, wasu Isra'ila, wasu Ingila, wasu Amurka da Suwizalan. Har ƙasusuwan wasu mamatansu aka tone aka kai Birnin Ƙudus. A 1986 aka sayar da majami'ar, aka rushe ta.

A nan akwai darasi mai ɗaci. Waɗannan mutane ba su tsara yaƙin Suwez ba, yawancinsu a Sudan aka haife su, Larabcin Sudan suke yi. Amma abin da ya faru a nesa ya hau kansu. Taro yana riƙe jama'a daga ciki, amma ba ya iya tsare ta in aminci ya ƙare daga waje. Kuma ƙaramar jama'a ba ta mutuwa a rana ɗaya. Gida ɗaya ya tashi, na biyu ya bi, wata Asabar a ƙirga a ga tara, sauran su ma su fara ɗaure kaya.

Abin Lura Gare Mu

Yanzu sai in dawo ga tambayar farko. A gida mu ne masu yawa, shi ya sa ba mu cika jin nauyin mutum ɗaya ba. Amma Bahaushe ya san zaman baƙunci: zangon Kumasi, Sabo ta Ibadan, Mai Wurno. Abin da ya riƙe waɗannan wurare shi ne masallacin unguwa, makarantar allo, taron suna da zaman makoki. Ɗalibin da ke zaune a nan, gobe za a tura shi yi wa ƙasa hidima inda 'yan garinsu ba su kai goma ba. Ran nan zai gane maganata.

Ko a gida ma abin ya fara taɓa mu. Ƙauyukan Roni da Gwiwa da Ɓaɓura suna rasa samari da zarar an gama girbi, sun tafi cin rani Kano ko Kudu. Ma'aikaci kuwa ya koyi aika gudummawa ta waya, ya ce aiki ya yi masa yawa. Kuɗi suna sayen goro da shinkafa, amma ba sa ɗaukar makara, ba sa cika sahu. Magabata da suka ce zumunta a ƙafa take sun san abin da suke faɗa. Ƙungiyoyin ci gaban gari nawa ne suka mutu don kowa ya ɗauka in bai je ba wani zai je?

Ga ma'aikatan gwamnati kuma akwai amana ta biyu. A garuruwanmu akwai baƙi 'yan kaɗan, masu wani harshe ko wani addini, 'yan kasuwa da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Ran da aka yi rigima a wata jiha mai nisa, su ne ke kwana da fargaba. Abin da muke so a yi wa ɗan'uwanmu a Sabo ta Ibadan, shi ya wajaba mu yi musu a Kazaure: a tsare musu wurin taruwarsu, kada a ɗora musu laifin da wani ya yi a nesa.

Kammalawa

A taƙaice, jama'a, ƙaramar al'umma da abu biyu take rayuwa: 'ya'yanta su zo taro da ƙafarsu, maƙwabtanta kuma su bar ta ta taru cikin aminci. Na farko aikinmu ne in muna baƙi, na biyu aikinmu ne in muna masu gida. Duk ran da aka gayyace ka suna ko jana'iza ko taron ƙungiya, ka ji kasala ta kama ka, ka ɗauka mutum tara suna zaune, kai ake jira.