Dala Ɗaya Daga Kowa: Jawabi Ga Ɗaliban Da Suka Sa Kai A Gidauniyar Masu Ciwon Daji



Mun taru ne domin raba aikin gidauniyar taimakon masu ciwon daji, wato sankara. Amma kafin a ce wane ya tsaya a bakin ƙofa, wance ta riƙe littafin rasit, za mu kawo labarin wani ɗalibin jami'a kamarmu, mutumin ƙasar Kanada, mai suna Terry Fox.

A shekarar 1977, yana ɗan shekara 18, aka sami sankarar ƙashi a ƙafarsa ta dama, aka yanke ta daga saman gwiwa. Wahalar da ya ga marasa lafiya suna sha a ɗakin jiyya, musamman yara ƙanana, ita ta hana shi sakat. Ran 12 ga Afrilu, 1980, ya tsoma ƙafarsa ta roba cikin Tekun Atlantika a garin St. John's, ya kama gudu ya nufi yamma, da niyyar ratsa ƙasar baki ɗaya yana neman taimako domin binciken magani. Kusan kilomita 42 yake yi kullum. Bayan kwana 143 da kilomita 5,373, cutar ta kama huhunsa, dole ya tsaya kusa da garin Thunder Bay. Ya rasu ran 28 ga Yuni, 1981, yana da shekara 22.

Abin lura shi ne irin roƙonsa. Dala ɗaya tak ya nema daga kowane mutumin Kanada, su kuwa a lokacin kimanin miliyan 24 ne, kuma an cika kuɗin tun yana da rai. Daga 1981 zuwa yau, kowace shekara ana yin gudu da sunansa, makarantu dubbai suna shiga, ba kuɗin rajista, ba na ɗaya ba na ƙarshe. Kada kuma mu manta da abokinsa Doug Alward, wanda ya yi ta tuƙa motar da ke rakiyarsa, wata da watanni, a hankali kamar tafiyar hawainiya. Ba shi ake tafa wa ba, amma ba don shi ba da gudun bai yi nisa ba. Yawancinmu irin aikinsa za mu yi, aikin jera kujeru da ƙirga canji.

To, ina kuɗinmu za su? Asibitocin da ke da na'urar gashin sankara a ƙasar nan kaɗan ne. Mutumin ƙauye sai ya niƙo gari zuwa Shika ta Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, gashin kuwa kusan kullum ake yinsa har makonni. Sau da yawa kuɗin mota da na masauki da na abincin mai jiyya su ke sa a katse magani a koma gida. Gidauniyar ɗalibai ba ta iya sayen na'ura, amma tana iya biyan kuɗin mota.

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Na farko, amana. Jama'a sun sha ba da gudummawa ba su ji inda ta kwana ba, har wasu sun ɗaure aljihu, ba ma ganin laifinsu. Duk wanda ya ba da ko Naira ɗari ne a yanka masa rasit. Mutum biyu za su ƙirga kowace akwati a gaban ma'aji, a manna lissafin a allon sanarwa na ƙungiya cikin mako guda. Na biyu, sutura. Kada a ɗauki hoton mara lafiya ko a ambaci sunansa domin jawo tausayi. Lalura ce ta same shi, bai sayar da mutuncinsa ba.

'Yan'uwa mata da za su zaga gidajen ma'aikata, ku tuna wa iyaye cewa tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta. Masu ɗaukar akwatuna kuwa, ku ga ma'aji bayan an tashi domin ku sa hannu a kan lambar akwatin da aka ba ku.