Jawabin Kwamitin Gini Ranar Aza Harsashin Masallaci a Ƙasar Ɗanbatta

 

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Dagatai da masu unguwanni, malamanmu da alhazanmu, iyayenmu mata da ke sauraro daga bayan rumfa, da baƙinmu da suka taso daga birni da garuruwan maƙwabta, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, mu 'yan kwamitin da kuka ɗora wa nauyin wannan aiki muna miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu. Akwai wanda ya ba da fili, akwai wanda ya aiko da siminti da rodi, akwai wanda ya kawo yashi a amalanke, akwai tsohuwar da ta kwance bakin zanenta ta ba da abin da ta tara na kuɗin ƙuli-ƙuli. Mun rubuta sunayen wasu a ƙarshen wannan ɗan littafi, wasu kuwa sun roƙe mu kada a ambace su. Wanda aka yi dominsa ya san kowa, shi ne kuma mai sakayya.

To, amma akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mun ga babu ranar da ta dace a faɗe ta kamar yau. Kowa ya san yadda masallatan ƙauyukanmu suke. Da damina da kaka sahu kan cika har waje. Da zarar an kai amfanin gona gida, sanyi ya shigo, sai samari da magidanta su ɗaure kayansu su tafi ci-rani, wasu Kano, wasu Kaduna da Abuja, wasu har Ikko da Fatakwal. A sallar Asuba sai a waiga a ga tsofaffi ne kaɗai da yara. Wasu daga cikin masu tafiyar kan dawo da faɗuwar ruwa, wasu kuwa shi ke nan, birni ya riƙe su. Idan muka tayar da gini mai kyau muka bar abin da ke korar mutane daga gida yana nan yadda yake, nan da 'yan shekaru za mu sami bango da rufi, mu rasa masu cika sahu. Saboda haka muke roƙon a aza harsashi biyu yau: na ginin, da na wata ƙungiyar taimakon juna da za ta zauna a inuwarsa.

Wannan ba sabon abu muka ƙago ba. Sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira zuwa Madina a shekara ta 622 ta Miladiyya, filin wasu marayu biyu aka saya aka gina masallacinsa, da tubalin ƙasa, da kututturen dabino a matsayin ginshiƙai, da ganyensa a matsayin rufi. Shi da kansa ya ɗauki tubali. A jikin masallacin nan aka keɓe rumfa domin baƙi da marasa galihu, ana ciyar da su ana karantar da su. A wannan zamanin ne aka ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin waɗanda suka yi hijira da mutanen gari, aka kuma kafa wa Musulmi kasuwa. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a su sha kyauta. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara hubusi, ba a sayarwa, ba a gada, amfaninta na mabukata ne. Watau tun farko masallaci da ciyarwa da koyarwa tare suka taso.

Mu ma nan ƙasar muna da abin da muka gada. Gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ake noma su ba hutu, ba su kuwa mutu ba, domin iyayenmu sun san darajar takin gida da toka, suna kai su gona a mangala bisa jaki, suna haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, suna barin gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona. Masana daga jami'o'i sun zo tun shekarun 1960 suna nazarin yadda jama'a mai yawa haka ke ci daga ƙasa kaɗan. Abin da ya riƙe su, ban da albarkar Allah, shi ne gayya da adashi da zumunci. Wanda ciwo ya kwantar da shi da damina, maƙwabta ke nome masa gona.

Manyanmu da ke zaune a nan sun tuna farin 1973, lokacin da dabbobi suka yi ta faɗuwa, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, wadda daga ita dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake komawa yadda take ba. Sun tuna kuma abin da aka yi. Marigayi Alhaji Audu Bako, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ɗauki aikin madatsun ruwa da gaske, aka gama ta Tiga a 1974, mu ma muka sami ta Tomas a nan kusa da mu. A farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jiha, watau KNARDA, aka sa hedkwatar ɗaya daga cikin shiyyoyinta a Ɗanbatta. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a garin nan, ga makarantar koyon ungozoma, ga kasuwarmu ta Lahadi wadda fatake ke zuwa daga nesa sayen shanu da hatsi. Allah bai bar mu hannu wofi ba. Abin tambaya shi ne, manomi nawa ne daga ƙauyukanmu ya taɓa shiga ƙofar kwalejin nan ya tambayi abin da ke damun gonarsa? Ba girman kai ya hana shi ba. Shi kaɗai ne, bai san wanda zai tunkara ba, ba shi kuma da wanda zai yi masa jagora.

Ga abin da kwamiti ya shawarta, kashi uku.

Na farko, rajista. Muna so kowane magidanci da kowace uwargida su ba da suna a rubuta a littafin ƙungiya, har da 'ya'yanmu da ke zaune a birane. Kyautar rana ɗaya tana da lada, amma ba a iya shirya aikin shekara a kanta. Abin da muke nema ɗan kaɗan ne wanda ba ya yankewa: mai albashi da ɗan kasuwa su ba da abin da suka yanka wa kansu kowane wata, manomi ya ba da kwano ko dami da kaka. Hatsin nan za a zuba shi a rumbun ƙungiya. Dukanmu mun san yadda abin ke gudana. Da kaka bashi da biki da kuɗin makaranta kan taso wa manomi gaba ɗaya, ya kai hatsinsa kasuwa a lokacin da ya fi araha. Kafin watan marka rumbunsa ya ƙare, ya koma ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya bar tasa gonar cikin ciyawa ya tafi ƙodago a ta wani. Rumbun ƙungiya zai ranta masa abinci da iri a wannan lokaci, ya mayar da kaka, kwano da kwano, ba ƙarin komai, domin riba haramun ce ko da a hatsi ne.

A nan dole mu bayyana wani hukunci domin kada a sami ruɗani. Zakka dabam, sadaka da hubusi dabam. Wanda ya noma abin da ya kai nisabi, watau wasaƙi 5, sa'i 300 ke nan, zai fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ya shayar, ko ɗaya bisa ashirin idan da wahalarsa ya yi ban-ruwa. Wannan haƙƙin mutum takwas ne da Alƙur'ani ya ambata. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina masallaci da ita, ba a kuma ranta ta, mallaka wa mai ita ake yi. Malamai sun kuma ce mabukatan wurin da aka noma su suka fi cancanta da ita. Saboda haka za a yi littafi biyu da ma'aji biyu. Zakka ta bi hannun Malam Liman da dattawan da ya zaɓa, tare da neman shawarar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano wadda aka kafa a 2003. Gini da rumbun rance kuwa daga sadaka da hubusi za su fito. Duk ƙarshen wata uku za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita bayan sallah, a manna takardar a ƙofar masallaci. Mun sha ganin ƙungiyoyi sun watse, ba rashin kuɗi ya watsa su ba, rashin bayani ne.

Na biyu, magana da murya ɗaya. Famfon ƙauye kan lalace ya shekara, gada ta karye, asibitin sha-ka-tafi ya zauna ba ma'aikaci, takin gwamnati ya iso bayan an yi noman biyu, kowa na gunaguni a gindin bishiya, ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Ƙungiya za ta zaɓi mutane masu natsuwa da za su tattara koke, su rubuta shi da hujja, su bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi zuwa ƙaramar hukuma da wakilanmu na majalisa, su kuma riƙa komawa har a sami amsa. Ƙasar nan ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Marigayi Alhaji Magaji Ɗanbatta yana matashi ya shiga cikin mutum takwas da suka kafa NEPU a Kano a 1950, daga baya ya shafe shekaru yana fafutukar ilimin 'ya'yan jihar nan. Marigayi Sarkin Bai Alhaji Muhtari Adnan, wanda aka naɗa hakimi a 1954, Allah ya yi masa rasuwa a 2021, ya wakilci jama'a a majalisar tarayya, ya kuma riƙe Ma'aikatar Ilimi a zamanin Audu Bako. Hanyoyinsu sun bambanta, amma kowannensu ya san bakin da ya yi shiru ba a ba shi. Sai dai muna jan kunne tun yanzu: ƙungiyar nan ba ta wata jam'iyya ba ce, ba ta wata ɗariƙa ko ƙungiyar addini ba ce. Ranar da aka shigo da wannan, ranar bango ya tsage.

Na uku, koyarwa. A cikin taswirar gini mun keɓe ɗaki biyu a gefen harabar. Da safe da yamma na karatun yara ne da na matan aure, da dare na yaƙi da jahilci. Da rani kuwa za mu gayyato malaman gona su zauna da manoma. Akwai abin koyo da yawa. Akwai irin gero da wake masu saurin nuna, waɗanda kan tsira ko ruwa ya ɗauke da wuri. Akwai dabarun rage ƙuduji a gonar dawa. Akwai buhu mai ninki uku da ke tsare wake daga ƙwari ba tare da an zuba masa guba ba, wanda zai ba manomi damar ajiye wakensa har ya yi daraja. Akwai kiwon turka da noman rani da gyaran injin ban-ruwa, sana'o'in da za su iya tsayar da saurayi a gida. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, tun shekarun 1980 suka daina sare tohon itatuwan da ke fitowa a gonakinsu, suna gyara shi suna reno, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da ƙasa mai faɗin hekta miliyan 5. Ba su kashe kuɗi mai yawa ba, wani ya koya ne ya koya wa maƙwabcinsa. Duk wanda ƙungiya ta tura koyo, sharaɗinsa ke nan, ya dawo ya koya wa wasu.

Ga iyayenmu mata muna da roƙo na musamman. Ku ne masu adashi, ku ne masu kiwon awaki, ku kuka fi kowa sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Ku zaɓi wakilanku da ma'ajinku, domin idan babu ku rabin garin ne kawai ya shiga.

Ga alhazanmu da 'ya'yanmu ma'aikata kuma, mun gode da siminti, muna kuma neman abin da ya fi siminti wuyar bayarwa, watau lokacinku da saninku. Likita ya ba mu yini ɗaya a wata. Malamin makaranta ya duba mana karatun yara lokacin hutu. Mai ilimin lissafin kuɗi ya binciki littattafanmu. Wanda Allah ya hore wa gona ko shago, ya yi tunanin tsayar da shi hubusi, ya riƙa samun lada yana kwance a kabarinsa.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan an aza tubalin farko an yi addu'a, magatakarda zai zauna a bakin rumfa da littafin rajista, na mata kuma yana wajensu. Kada kowa ya raina abin da ke hannunsa.

Allah ya karɓi wannan aiki, ya sa mu ga kammaluwarsa, ya cika shi da masu sallah rani da damina. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.