Ɗakin Sujada na Gordon a Khartum: Jawabin Ranar Jubili

 Yau da muke godiya domin ɗakunan sujada da iyayenmu suka gina, muna so mu ba ku labarin wani da aka gina a Khartum. Ba baƙon gari ba ne ga Hausawa, gama ta can alhazanmu na dā suke bi da ƙafa zuwa Makka.

A Khartum aka kashe Janar Gordon ran 26 ga Janairu, 1885. Sa'ad da sojojin Ingila da na Masar suka ci Omdurman a 1898, aka gina makaranta da sunansa, Kwalejin Gordon, aka buɗe ta a 1902. Amma ba a koyar da Bishara a cikinta ba. Gwamnati ta hana mishan yin wa'azi ga Musulmin arewacin Sudan, kamar yadda aka hana a ƙasashen sarakunanmu. Llewellyn Gwynne na C.M.S., wanda ya iso a 1899, ya yi haƙuri, ya kama aikin makaranta da kiwon masu bi kaɗan da ya tarar.

A 1904 aka kafa harsashin babbar majami'a dab da fadar Gwamna. Aka keɓe ta ran 26 ga Janairu, 1912, shekara 27 cif bayan mutuwar Gordon. Robert Weir Schultz ya tsara ta da siffar gicciye. Da dutse aka gina ta, bango mai kauri, tagogi ƙanana saboda zafin rana. Hannu ɗaya na gicciyen aka ware ya zama ɗakin sujada domin tunawa da Gordon.

To, ina labarinsu? Kwalejin ta zama Jami'ar Khartum a 1956. Majami'a kuwa, gwamnatin Numeiri ta rufe ta a 1971, bayan yunƙurin juyin mulki. Daga baya aka rushe hasumiyarta, aka mai da ginin gidan tarihi.

Duk da haka ikilisiya ba ta watse ba. Masu bi suka sami wata majami'a a unguwar Amarat. A 1976 kuma ɗan ƙasa, Elinana Ngalamu, ya zama Babban Bishof na fari.

Ku lura, 'yan'uwa: ginin da ya jingina da fada, ran da sarauta ta sāke hannu, ana iya ƙwace shi. Bangaskiyar da ke cikin zuciya kuwa, babu mai sa mata kwaɗo. Mu gyara ɗakunanmu, amma mu fi kula da koya wa 'ya'yanmu Maganar Allah. Mu riƙa tunawa da mutanen Sudan cikin addu'a, gama yaƙin da ya tashi ran 15 ga Afrilu, 2023, ya ɗaiɗaita su. Ubangiji ya ba su salama. Amin.