Jawabin wani mushen lakwal: in an daki ɓarawo, ina 'yan sanda?



Kun san abin da kan faru ranar kasuwa, a Maradi ko Tawa. Wani ya yi ihu "ɓarawo!", jama'a ta taru da sanda da dutse, ɗan sanda kuwa yana tsaye nesa yana gyaran hularsa. In an tambaye shi sai ya ce ai ɓarawo ne.

To, wa ya ce ɓarawo ne? Mai ihu. Alƙali bai gan shi ba, shaida bai yi rantsuwa ba. Haka kumandan yake yi zamanin indijena, ya jefa mutum kaso da bakinsa kawai, har aka soke wannan doka a 1946. Abin da muka ƙi a hannun kumandan, yaya za mu karɓe shi a hannun taron kasuwa?

Dokar hukunta laifuffuka ta Nijar, ta 15 ga Yuli 1961, ta hana duka da kisa, ba ta kuma ware ɓarawo ba. Ta yarda mutum ya kare kansa in an haura masa gida da dare. Amma wanda aka riga aka ɗaure da igiya, wa yake tsoronsa?

Akwai kuma wanda ba a gani. Ɓarawon shanu, in mai sayen kayan sata ya cinye masa kuɗi ko ya soke shi, ba ya zuwa jandarmari, don shi za a fara kullewa. Babu ƙara, babu takarda. Mai wuƙar ya koma gida, gobe kuna sahu ɗaya da shi a masallaci.