Sarƙar Lu'ulu'un Gado: Kada Ki Yi Gaggawar Sayarwa

 Yau hirar tamu a kan tsohuwar sarƙar lu'ulu'u ce, irin wadda Hajiya ko kaka ta sayo a Makka ta bar miki gado. Ina nufin farin dutsen nan na teku mai sheƙi, ba daimon ba. Wata rana buƙata ta taso, ki miƙa wa dillaliya, ta dawo ta ce abin da aka taya ke nan. To, kin san abin da kika sayar?

Lu'ulu'u iri uku ne. Na farko shi ne na asali. Wani ɗan abu ne kan shiga cikin kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, sai ta yi ta lulluɓe shi da sheƙi, rufi kan rufi kamar albasa. Mutanen Bahrain da maƙwabtansu sun daɗe suna nutso cikin teku don nemansa. Na biyu na kiwo ne: mutum ke dasa ƙwallo a cikin kawar, ita kuma ta rufe shi. Wani Bajapane, Mikimoto, ya fara cin nasarar wannan a 1893, kuma daga shekarun 1920 na kiwo ya cika kasuwa har sana'ar masu nutso ta durƙushe. Na uku jabu ne, gilashi ko roba da aka shafa wa fenti.

Ga abin da za ki iya yi a ɗakinki. Ki goga ƙwaya ɗaya a hankali a bakin haƙorinki na gaba. In kin ji santsi sumul, jabu ne. In kin ji ɗan kaushi kamar rairayi, daga kawa ya fito. Amma fa ki lura, yaya, na asali da na kiwo duk haka suke ji.

Sai ki fito tsakar gida wurin haske, ki duba hudar da zare ya bi. A na kiwo akan ga ɗan layi inda rufin ya haɗu da ƙwallon ciki. Ki kuma dubi jerin. Na asali galibi ƙanana ne, wannan bai yi daidai da wancan ba. In kin ga manya, duk kansu ɗaya, mai yiwuwa na kiwo ne.

Duk wannan alama ce kawai. Akwai na kiwo na ƙasar Sin da ba ƙwallo a cikinsa. Tabbaci sai masana sun haska shi da na'ura irin wadda ake ɗaukar hoton ƙashi da ita a asibiti. Saboda haka kada ki biya kuɗin na asali don mai kanti ya rantse miki, domin kusan duk na kasuwa yau na kiwo ne. Kada kuma ki saki tsohuwar sarƙar gado da arha. Ki yi shawara da maigida ko ɗan uwanki, a kai wa masana fiye da ɗaya.

Kafin nan, ki raba ta da turare da lemun tsami, suna cin sheƙin. Ki naɗe ta a ƙyalle mai laushi, ban da gwal ɗinki, kada ya karce ta.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.